Haƙƙin Mayyar Karatu a Kan Masu Alƙalami

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ga mutum ya ƙwallafa ransa a kan wani abu fiye da yadda aka saba, sai ya ari sunan abin da ya fi tsoro ya laƙaba masa. Ya ce wane mayen ƙwallo ne, wane mayen shayi, wance kuwa mayyar karatu. A bakin mai faɗa wasa ne, wani lokaci ma yabo, amma kalmar ba ta rabu da asalinta ba. Maye shi ne wanda yunwarsa ba irin ta mutane ba ce, wanda ake zaune da shi ana kaffa-kaffa. Namiji yakan karɓi laƙabin ya yi ado da shi. Yarinya 'yar shekara 14 kuwa, idan aka kira ta mayyar karatu a tsakar gida, akwai tambayar da ke biye da dariyar ko ba a furta ta ba: wannan karatun ina zai kai ta, kuma wa zai ɗauke ta da shi?

A kan wannan yarinya nake son yin magana. Ba mai haddace darasi don ta zo ta ɗaya a aji nake nufi ba. Ina nufin wadda son sani ya zame mata ɗabi'a, mai kwance tocila don ta ga ta inda wuta ke bi, mai tsayawa kallon jerin tururuwa har tuwo ya kama, mai karance takardar da aka ƙunso mata ƙosai. Tambayata ita ce: idan marubuci ya sa ta a labarin da matasa za su karanta, dole ne sai ya nuna cewa saninta ya haifa mata miji ko dukiya ko muƙami kafin ya halatta mata shi? Matsayina shi ne ba dole ba ne. Son sani alheri ne tun kafin ya haifi komai, kuma labarin da ya sa yarinya ta biya kuɗin fansarsa ya tauye ta, ko da da kyakkyawar niyya aka rubuta shi.

Gurbinta a adabinmu

Tatsuniya ita ce makarantar farko ta ɗan Bahaushe. A cikinta yarinyar da ke cin nasara ita ce 'yar bora mai ladabi da haƙuri, wadda ke gamuwa da abubuwan al'ajabi a hanya ta bi umarninsu ba tare da neman ba'asi ba. Wadda ta tsaya tanka abin da ta gani 'yar mowa ce, kuma ƙarshenta ba ya kyau. Dabara kuwa an bar wa Gizo, Ƙoƙi tana gefe. Tatsuniya ba ta yi laifi ba da ta koyar da ladabi. Abin lura shi ne ba ta tanadi wuri ga yarinyar da ta haɗa ladabi da tambaya ba.

Da aka zo rubutaccen ƙagaggen labari ma haka abin ya ci gaba. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Masu fita su ga duniya da masu neman ilimi a waɗannan littattafai duk maza ne. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ɗan sarki ne aku ke zaunarwa yana ba shi labarai. Sai a 1980, da fitowar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, aka sami littafin labari na Hausa da mace ta rubuta aka buga, budurwa na tsakiyarsa tana zaɓa wa kanta abin da take so. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma adabin kasuwar Kano ya buɗe ƙofa, mata suka shigo da alƙalumansu, 'yan mata suka zama manyan masu karatu.

A cikin wannan zubi babu littafin da ya kusanci batunmu kamar Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Marubuciyar da kanta an yi mata aure tana kimanin shekara 13, karatunta ya katse, daga baya ta koma ta nemi ilimi. Jarumarta Abu ita ma an cire ta daga makaranta, wanda aka so ya aure ta ya ƙi ta don ba ta da boko, aka ɗaura mata aure da dattijo Sarkin Noma, ta gudu birni, ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman ta. Littafi ne na jarumta, kuma ya yi magana da harshen da iyaye maza na wancan lokaci za su saurara: ku bar ta ta yi karatu, in ba haka ba za ta rasa miji na gari.

Matsalar tana ga abin da aka mayar da wannan hujja bayan shekaru fiye da 30. Abin da Balaraba ta yi amfani da shi a matsayin makami, magadanta da yawa sun mayar da shi ƙa'ida. A labaran da ke yawo yau a WhatsApp da Wattpad, da waɗanda ake karantawa a gidajen rediyo, an saba da 'yar ƙauye da ake kawowa birni a wanke ta, hasken fatarta ya fito, a sa ta makaranta, shafi biyu a gaba a ce ta zama likita, sannan ɗan mai kuɗin da ya wulaƙanta ta ya durƙusa. An gaya mana likita ce, amma ba mu taɓa ganin ta tana mamakin yadda jini ke zagaya jiki ba. Digirinta ya zama kamar sarƙar gwal a cikin lefe, abin da ke ƙara mata daraja a idon dangin miji. Wannan labarin ramuwa ne, kuma a labarin ramuwa wanda aka rama wa shi ne a tsakiya, tun da don idonsa aka yi komai.

Ba mu kaɗai ke da wannan rauni ba. Finafinan matasa na Amurka sun daɗe suna nuna yarinya mai tabarau da tarin littattafai, wadda ake cire wa tabarau a gyara mata gashi kafin a yarda ta cancanci so. Sai dai a can an sami waɗanda suka kauce wa hanyar. A Wrinkle in Time na Madeleine L'Engle, wanda ya fito a 1962, ya bar jarumarsa Meg da lissafinta da taurin kanta har ƙarshe. Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya, ta fitar da Binti a 2015, labarin yarinya gwanar lissafi daga ƙabilar Himba ta Namibiya, wadda ta tafi neman ilimi nesa ba tare da ta wanke jan ƙasar da matan ƙabilarta ke shafawa ba. Abin da ya haɗa su shi ne mai karatu yana shiga cikin kan yarinyar ya ji daɗin da take ji idan ta gane abu.

Ƙasar da ba ta hutawa

Wani zai ce irin wannan yarinya baƙuwa ce a wurinmu, sai dai a aro ta daga waje. Ni da na tashi a wani ƙauye na ƙasar Bichi ba zan yarda da wannan ba, kuma hujjata ita ce gonakin da na buɗi ido na gani.

Daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Bichi, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga gida ba. Gona na jingine da gona, iyaka ba ta wuce layin gamba ko jema. Rabon gado ya yanka filaye ƙanana, kuma ba a barin gona ta huta, kowace damina sai an noma ta. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki, yana neman sanin yadda ɗaruruwan mutane ke rayuwa a kowace murabba'in kilomita ba tare da ƙasar ta mutu ba. Amsar tana ga lura. Manomi ya san wace kusurwar gonarsa ce jigawa, wace ce ke riƙe ruwa. Yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, ya adana harawa da kara don dabbobi, dabbobi su ba shi taki, a kai takin gona da mangala tun rani. Matan gida, ko ba su fita gona ba, su ke sanin wane iri ne ya fi auki a tukunya, yaya ake sarrafa kalwa ta zama daddawa, nawa tiyar gyaɗa za ta ba da mai da ƙuli-ƙuli. 'Yar talla kuwa tana yin lissafin canji a ka kafin mai saye ya gama laluben aljihu. Ƙasar nan da ƙwaƙwa da bin diddigi take ciyar da mutanenta. Mayyar karatu 'yar gida ce a nan, gadon iyayenta ne ya fito mata ta wata fuska.

Ina da ƙanwa, 'yar baffana, wadda tun tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare ta kafa gwangwanin madara a kan katangar bayan ɗaki. Duk ranar da aka yi ruwa sai ta tsoma tsinke, ta auna shi da rula, ta rubuta kwanan wata da adadin a bayan wani tsohon littafin rubutu. Ba malamin da ya sa ta. Kakarmu takan ce, "Ke 'yar nan, ruwan Allah kike ƙirgawa?" Ta yi damina biyu tana wannan ana yi mata dariya. A ta uku, da ruwa ya yi jinkiri, ana gardamar ko a yi binne ko a jira, na ji baffa ya leƙa ɗakin yana cewa, "Uwata, bara ran nawa ga wata aka yi ruwan shuka?" Ta buɗe littafi ta faɗa masa, har da na bara waccan.

Da marubucin da ya saba da labarin ramuwa ne, a nan zai rufe babi: ga amfanin abin ya fito, masu dariya sun ji kunya. Amma a nan ne tambayata take farawa. Da baffa bai taɓa tambaya ba, shin daminan nan biyu sun tafi a banza ke nan? Na taɓa ce mata, "Me za ki yi da wannan lissafin?" Ta ce, "Yaya, ni dai so nake in sani." Wata rana kuma da ta dawo mini da wasu littattafan hikaya da na ara mata, sai ta ce, "Yaya, 'yan matan ciki duk ba abin da suke so sai a so su." Ban taɓa jin sharhin adabi da ya fi wannan gajarta da kaifi ba, har a ajin jami'a.

Abin so don kansa

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa abubuwan da ɗan Adam ke nema gida uku a babin ilimi na Ihya'u Ulumid Din: abin da ake so don waninsa, kamar kuɗi, abin da ake so don kansa, da abin da ya haɗa biyun, kamar lafiyar jiki. Ya nuna cewa ilimi yana da daɗi a karan kansa, don haka ana son sa don kansa, sannan kuma hanya ce zuwa wani alheri. Labaranmu sun riƙe rabi na biyu sun saki na farko, musamman idan mace ce mai neman. Sun mayar da iliminta kamar kuɗi, wanda ba shi da daraja sai an sayi wani abu da shi. Yarinyar da ta tashi da irin waɗannan labarai za ta koyi cewa daɗin da take ji idan lissafi ya fita daidai ba abin ambato ba ne, sai ranar da ya zama albashi ko sadaki. Idan ranar ba ta zo ba, kuma ga yawancin 'yan matan karkara ba ta zuwa, sai ta ɗauka ta yi asarar ƙuruciyarta. Wannan ita ce cutar, kuma marubuci yana da hannu a ciki.

Akwai hujjoji uku da masu ja da ni za su kawo, kuma babu ta rainawa a cikinsu.

Ta farko ita ce talauci. A gidan da kuɗin tallar yarinya ne ke tara mata kayan ɗaki, maganar son sani don kansa tana iya zama kamar maganar wanda ya ƙoshi. Na yarda ilimi dole ya ciyar. Amma ba a samun mai gyaran famfon sola a fadamun Watari, ko ungozomar da za ta gane matsala tun kafin ta yi tsanani, sai daga cikin yaran da suka fara son abin tun ba a biya su ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, ya yi kore da rani. Manomin yankinmu ba ya sare shi don ya saɓa wa sauran itatuwa, domin ya ga yadda gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Wanda ya ce sai ya ga amfani a yau kafin ya bar abu ya tsaya, zai sare abin da zai ciyar da shi gobe.

Ta biyu ita ce tarbiyya. Iyaye da malamai sun daɗe suna zargin littattafan hikaya da ɗauke hankalin 'yan mata, har a 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona wasu da aka karɓe daga hannun ɗalibai. Wasu kuma na tsoron cewa yarinya mai yawan tambaya za ta rasa kunya. Amma tambaya da rashin kunya ba ɗaya ba ne, Bahaushe da kansa ya ce matambayi ba ya ɓata. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Ba wanda ya ce ta bar tarbiyya. Kuma idan damuwar ita ce littattafai sun cika wa 'yan mata kai da soyayya, maganin shi ne a ba su jarumar da ke da wani abu a ranta ban da jiran saurayi. Wuta ba ta rubuta littafi ko ɗaya ba.

Ta uku ita ce mafi nauyi a wurina: shin ba zalunci ba ne a kunna wa yarinya buri a inda babu hanya? Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, na maza, sai daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu ke Jihar Jigawa. Har yau guraben irin waɗannan makarantu ba su kai yawan masu nema ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, alhali akwai ɗalibar da ranar jarrabawa ce ranar farko da za ta taɓa kwamfuta. A makarantar da ƙanwata ke zuwa, a allo ake zana kayan gwajin kimiyya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai labarin da ke yaudarar yarinya shi ne wanda ya yi mata alkawarin asibiti a Abuja da miji mai jirgi. Labarin da ya ce mata abin da ke cikin kanki yana da daraja ko kin je jami'a ko ba ki je ba, bai yi mata alkawarin da zai saɓa ba. Ya ba ta abin da aure da wuri ko faɗuwa jarrabawa ba za su ƙwace ba.

Kammalawa

Abin da mayyar karatu ke bin masu alƙalami bashi ba shi da yawa. A rubuta ta tana girma a inda take, tsakanin surfe da islamiyya da tallar yamma, da ƙawayen da ke tsokanar ta suna kuma kare ta. A bar mai karatu ya zauna a cikin kanta lokacin da take ƙoƙarin gane dalilin da ya sa Kaza da 'Ya'yanta ke ɓacewa daga sama su dawo gab da damina. A bar ta ta yi kuskure, ta yi girman kai wani lokaci, ta ji kaɗaici a gidan biki, ta so wani idan son ya zo, ba tare da an mayar da son ladan karatunta ba. Kada a mayar da iyayenta azzalumai don a haskaka ta, domin uban da ya yi dariya shi ne ya dawo ya yi tambaya, kuma daga gare shi ta gaji lura. Kada kuma a ce sai ta raina ƙauyensu kafin ta zama wani abu.

Masu iya wannan aiki suna nan. Tun 2016 gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC ke nuna yawan matan da ke rubutu, kuma da yawansu su ne mayun karatun jiya, waɗanda suka karance littattafan haya da fitilar kwai bayan kowa ya yi barci. Sun san yarinyar nan ciki da waje, domin su ne ita. Abin da ya rage shi ne su yarda cewa labarinta ya isa labari ko ba a rufe shi da ɗaurin aure ba, kuma mu masu karatu da masu nazari mu daina tambayar jaruma abin da ta samu, mu fara tambayar abin da ta gane.